Kazar Ƙanƙara: Yaushe Za a Dafa, Yaushe Za a Zubar?

Idan ka taso daga tsakiyar birnin Jos ka nufi Bukuru, za ka ratsa ta unguwar Daɗin Kowa, wadda take cikin ƙaramar hukumar Jos ta Kudu. Kada ka haɗa ta da garin Daɗin Kowa na jihar Gombe, inda babbar madatsar ruwa take. Suna ne kawai ya zo ɗaya. A wannan unguwa, kamar sauran unguwannin Jos, akwai shagunan da ake sayar da kifi da kaji na ƙanƙara, kuma gidaje da yawa suna da firji ko firiza. Kaza ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Sanyin Filato ya dace da kiwonta, akwai masana'antun abincin kaji a kewayen Bukuru, sannan ga Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa a Vom, wadda aka kafa tun 1924, tana sarrafa magungunan rigakafin cututtukan dabbobi da na kaji. Saboda haka idan bukukuwan Kirsimeti ko na Salla suka matso, magidanta kan sayi kaji da dama, a yanka, a fige, a gyara, a zuba a firiza.

Daga nan ne wata tambaya takan taso, kuma mai yiwuwa ka taɓa jin ta a gidanku. An fitar da kaza daga firiza tun jiya, ƙanƙarar ta narke, ba a samu damar dafawa ba. Ko kuwa an ɗauke wuta kwana biyu, aka buɗe firiza aka tarar naman ya saki. Shin a dafa ne, ko a zubar? Tambayar ba ƙarama ba ce. Kaza tana da tsada, zubar da ita asara ce mai ciwo. Amma cin lalatacciya yana iya kwantar da gida guda. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 600 ne suke kamuwa da rashin lafiya kowace shekara saboda gurɓataccen abinci, kuma 420,000 daga cikinsu suke rasuwa. Cikin masu rasuwar nan, kimanin 125,000 yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar.

Abin da ƙanƙara take yi

Abu na farko da ya kamata ka riƙe shi ne, ƙanƙara ba ta tsarkake nama. Mutane da yawa suna zaton tsananin sanyi yana hallaka ƙwayoyin cuta kamar yadda wuta take yi. Ba haka ba ne. Firiza mai aiki sosai tana riƙe nama a digiri 18 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas. A wannan sanyi wasu ƙwayoyin sukan mutu, amma da yawa ba sa mutuwa, sai dai su daina hayayyafa, tamkar sun yi barci. Da zarar naman ya fara ɗumi sai su farka su ci gaba daga inda suka tsaya.

To, daga ina suka zo? Galibi daga cikin kazar kanta. Hanjin kaza, ko da lafiyarta ƙalau, yakan ɗauki ƙwayoyin cuta, kuma a lokacin yanka da figa da fitar da kayan ciki sukan bazu a kan fata da tsoka. Biyu daga cikinsu sun fi shahara. Ta farko ita ce Salmonella, wadda ta samo sunanta daga wani likitan dabbobi ɗan Amurka, Daniel Salmon. Ta biyu ita ce Campylobacter. Dukansu biyu suna kawo gudawa da murɗawar ciki da zazzaɓi, wani lokaci har da amai. Salmonella takan nuna kanta daga awa shida zuwa kwana uku bayan cin abincin, ita kuwa Campylobacter takan ɗauki kwana biyu zuwa biyar. Wannan jinkiri ne yake sa mutum ya ɗora laifi a kan abincin da ya ci ɗazu, alhali kazar shekaranjiya ce ta kayar da shi.

Yawancin ƙwayoyin da suke gurɓata abinci suna hayayyafa ne tsakanin digiri 5 da digiri 60. Masana sun kira wannan tsakani yankin haɗari. Hayayyafarsu kuwa ta rabuwa ce: ɗaya ta rabu ta zama biyu, biyu su zama huɗu. Idan yanayi ya yi musu daɗi, wasunsu sukan ninka kansu cikin kowane minti 20. Ɗauki alƙalami ka gwada lissafin da kanka. Ƙwaya ɗaya za ta zama 8 bayan awa ɗaya, ta zama 512 bayan awa uku, bayan awa bakwai kuma ta haura miliyan biyu. Ka kuma tuna cewa ɗanyar kaza ba da ƙwaya ɗaya take farawa ba.

A nan ne sanyin Jos yake yaudarar mutane. Garin yana bisa tsauni mai tsayin kimanin mita 1,200 daga matakin teku, shi ya sa ya fi Kano da Sakkwato sanyi nesa ba kusa ba. A watannin Disamba da Janairu, lokacin hunturu, mutum yakan kwana cikin bargo da rigar sanyi, sai ya ce ai garin ma firji ne, ya bar kaza a kwano a ɗakin girki har gari ya waye. Amma sanyin da yake sa ɗan Adam rawar ɗari bai kai na firji ba. Ko a daren da ma'auni ya sauka zuwa digiri 10 ko 12 a waje, cikin ɗaki ya fi haka ɗumi, firji kuwa dole ya kasance ƙasa da digiri 5. Gaskiya ne ƙwayoyin ba za su yi sauri irin na bazarar Kano ba, amma dai ba su tsaya ba. Bugu da ƙari, kaza daga waje take narkewa. Fatarta, inda ƙwayoyin suka fi yawa, takan yi awoyi cikin ɗumi yayin da tsakiyarta take nan daskare kamar dutse.

Ido da hanci da hannu

Hausawa sun ce ido ba mudu ba, ya san ƙima. A sha'anin kaza, ido ya san wani abu, amma bai san komai ba. Bari mu fara da abin da ya sani.

Lafiyayyar ɗanyar kaza fara ce mai ɗan ja-ja, kitsenta fari ko ruwan ɗorawa. Idan ka ga tsokar ta koma ruwan toka, ko ta yi kore-kore, musamman a ƙarƙashin fiffike da cikin ciki, ta lalace. Hanci ma yana da nasa aiki. Ɗanyen nama yana da ɗan ƙarni, wannan ba laifi ba ne. Amma tsami, ko wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, ko ɗoyin da yake sa ka kau da kai, duk alamun ruɓewa ne. Sannan ka taɓa da yatsa. Danshi daban, yauƙi daban. Kazar da ta narke dole ta jiƙe, amma idan tana yauƙi kamar miyar kuɓewa, ko tana manne wa yatsa, ko ka danna tsokar ramin ya ƙi cikowa, to ba ta ciwuwa. Ko ɗaya daga cikin waɗannan alamu ka gani, magana ta ƙare. Wanki da lemon tsami, ko citta da tafarnuwa da barkono, suna iya ɓoye wari, amma ba sa mayar da ruɓaɓɓen nama lafiyayye.

Akwai kuma alamun da suke tsorata mutane a banza. Wani lokaci za ka ga fari-farin tabo busasshe a kan fatar kazar da ta daɗe a firiza. Iska ce ta shiga ledar ta busar da wurin. Naman zai rage daɗi, amma ba cuta. A yanke wurin a dafa saura. Haka nan ƙashin kazar gidan gona yakan yi duhu bayan an daskarar da ita an dafa, domin ƙashin 'yar ƙaramar kaza bai gama ƙwari ba, launin ɓargo yakan ratso waje. Wannan ma ba lalacewa ba ce.

Yanzu ga inda ido ya gaza, kuma shi ne muhimmin abin da wannan darasi yake so ka fahimta. Ƙwayoyin da suke sa nama wari da yauƙi daban ne da waɗanda suke sa mutum ciwo. Na farko masu ruɓar da nama ne, suna sanar da zuwansu. Na biyu kuwa, irin su Salmonella da Campylobacter, ba sa canza launi, ba sa kawo wari, ba sa sa yauƙi. Kaza tana iya zama fes, babu abin da hanci zai ƙi, alhali tana ɗauke da abin da zai kai yaro asibiti. Irin wannan ne Bahaushe yake kira kyan ɗan maciji. Saboda haka gani da shinshina da taɓawa suna iya tabbatar maka cewa kaza ta lalace, amma ba za su taɓa tabbatar maka cewa lafiyarta lau ba. Wanda zai iya wanke ta shi ne tarihinta: a ina ta narke, kuma awa nawa ta yi a wurin?

Tarihin kazar

Idan a cikin firji ta narke, kuma wuta ba ta yi dogon yankewa ba, hankali kwance. Wannan ita ce hanya mafi aminci, sai dai tana bukatar haƙuri, domin kaza sukutum takan ɗauki kwana guda ko fiye. A sa ta a kwano mai murfi a can ƙasan firji, don kada ruwanta ya ɗiga a kan wani abinci. Bayan ta narke, a dafa ta cikin kwana ɗaya ko biyu. Idan shiri ya canza, ana ma iya mayar da ita firiza, ko da yake za ta rage laushi da ɗanɗano.

Idan ana sauri, a ƙulle ta a ledar da ba ta yoyo, a nutsar cikin ruwan sanyi, a riƙa sauya ruwan kowane minti 30. Yanka-yanka sukan narke cikin awa guda, kaza sukutum kuwa awa biyu zuwa uku. Wadda aka narkar ta wannan hanya, nan take ake dafa ta, ba a ajiyewa, ba a kuma mayar da ita firiza ɗanya. Kada a yi amfani da ruwan ɗumi, kada kuma a shanya ta a rana.

Idan kuwa a fili aka bar ta, ƙa'idar da hukumomin kula da abinci suka fi bayarwa ita ce awa biyu. Ɗanyen naman da ya wuce awa biyu a yankin haɗari ba abin amincewa ba ne, idan kuma zafin gari ya haura digiri 32, awa ɗaya ce. Kazar da ta kwana a kwano a kan tebur ta wuce wannan iyaka sau da yawa.

Wataƙila ka ce, ai wuta za ta kashe komai. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa take da haɗari. Dafuwa sosai tana kashe Salmonella da Campylobacter, babu shakka. Amma akwai wata ƙwaya, Staphylococcus aureus, wadda take zaune a fata da hancin mutane da yawa, kuma takan hau nama daga hannun mai gyara shi. Idan ta samu lokaci da ɗumi ta yi yawa, takan zubar da dafi a cikin abincin. Wuta tana kashe ƙwayar, amma dafin yana jure tafasa. Wanda ya ci yakan fara amai cikin 'yan awoyi kaɗan, ya rasa dalili, tunda da idonsa ya ga tukunya tana tafarfasa.

Matsalar da ta fi yawa a gidajenmu ita ce ta ɗaukewar wuta, domin ita ce take ɓatar da tarihin nama. Wuta ta tafi da dare, ta dawo da asuba, ta sake tafiya. Kaza ta narke, ta sake daskarewa, babu wanda ya gani. Ga abin da zai taimake ka. Firji da ba a buɗewa yana riƙe sanyinsa kimanin awa huɗu bayan ɗaukewar wuta. Firiza cikakkiya tana kaiwa kimanin awa 48, wadda take rabi kuwa awa 24, muddin ba a ɗaga murfinta ba. Kowace buɗewa tana rage wannan lokaci, don haka yaran da suke leƙawa neman ruwan sanyi su ne manyan abokan gāban naman. Idan firizarku ba ta cika ba, a cike gurbin da robobin ruwa. Idan suka daskare za su riƙe sanyi tare da naman. Lokacin da ka buɗe, idan kazar tana da sauran ƙanƙara a jikinta, ko tana da sanyi irin na cikin firji, ana iya dafa ta ko a sake daskarar da ita. Idan ta saki gaba ɗaya, sanyin ya tafi, kuma ba ka san tun yaushe ba, ka ɗauka ta wuce awa biyu.

Wasu gidaje suna da wata dabara mai sauƙi. A daskarar da ruwa a ƙaramin kofi, a ɗora kwandala ko ɗan dutse a kan ƙanƙarar, a bar shi cikin firiza. Wanda ya dawo daga tafiya ya tarar da dutsen a gindin kofi, ya san cewa komai ya narke a bayansa, ko da yanzu ya sake daskarewa.

A shago ma kana iya karanta tarihin kaza kafin ka biya kuɗi. Dubi ƙasan ledar. Idan akwai daskararren ruwa mai jini da ya taru a gefe guda, ko yankan sun manne sun zama dunƙule ɗaya, ko kwalin ya jiƙe ya sake bushewa ya yi tabo, alama ce ta cewa naman ya taɓa narkewa. Nijeriya ta hana shigo da daskararrun kaji daga ƙasashen waje tun farkon shekarun 2000, amma masu fasa-ƙwauri ba su daina shigo da su ta kan iyaka ba, musamman ta wajen Jamhuriyar Benin. Hukumar Kwastam takan kama su ta lalata, hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna kuma ta sha gargaɗin jama'a a kansu. Dalili a fili yake. Kazar da ta yi doguwar tafiya a ɓoye cikin motar da ba ta da na'urar sanyi, babu mai iya faɗa maka sau nawa ta narke a hanya. Mazaunin Daɗin Kowa, wanda gidajen gona suke kewaye da shi, ba shi da wata bukatar shiga wannan caca.

Daga kwano zuwa tukunya

A ce kazar ta tsallake duk waɗannan gwaje-gwaje. Har yanzu ɗanya ce, kuma ka ɗauke ta a matsayin mai ɗauke da ƙwayoyin cuta. Campylobacter ba ta cika hayayyafa a kan nama a ɗakin girki ba, amma kaɗan daga cikinta ya isa ya sa mutum ciwo, kuma hanyarta ita ce ruwan kaza. Ruwan nan da yake taruwa a kwano bayan narkewa yakan bi hannu da wuƙa da katakon yanka, ya sauka a kan abin da ba za a dafa ba. Jos gari ne na kayan lambu. Kabeji da latas da karas da kokwamba suna da araha, kuma a ranar biki kusan kowane gida yana haɗa su ɗanye a ci da shinkafa. Idan aka yanka kabeji da wuƙar da aka datsa kaza, ba a wanke ta da sabulu ba, to kazar za ta dahu lafiya, kabejin ne zai kwantar da baƙi.

Hukumomin lafiya a Ingila da Amurka suna ba da shawarar kada a wanke ɗanyar kaza ko kaɗan, domin fantsamar ruwan tana watsa ƙwayoyin a kan kwanuka da tufafi. A wurinmu, inda sau da yawa a gida ake yanka da figa, kuma akwai jini da sauran gashi da za a cire, da wuya uwar gida ta karɓi wannan shawara. Abin da ya fi dacewa shi ne a yi wankin a hankali cikin roba mai zurfi, nesa da sauran abinci, ba a ƙarƙashin famfo mai ƙarfi ba. A zubar da ruwan inda yara ba sa wasa, sannan a wanke robar da wuƙar da hannu da sabulu.

Dafuwa kuwa, abin da ake nema shi ne zafi ya kai digiri 75 a can tsakiyar tsoka mafi kauri, wato cinya kusa da ƙashi. Yawancin gidaje ba su da ma'aunin zafin nama, don haka a tsaga wurin a duba: kada a ga jan tsoka, ruwan da yake fitowa kuma ya zama garau. Al'adarmu ta tafasa kaza da kayan ƙamshi kafin a soya tana da amfani ƙwarai a nan. A tudu irin na Jos ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 96 maimakon 100, amma wannan ma ya wuce abin da ake bukata. Sai dai a ƙara wa tukunya 'yan mintoci. Inda aka fi samun kuskure shi ne wajen gashi da suya kai tsaye. Kazar da ba ta gama narkewa ba, idan aka ɗora ta a kan garwashi ko aka jefa ta cikin mai, bayanta zai yi ja har ya fara ƙonewa, cikinta kuwa bai ji wuta ba.

Idan duk da haka wani ya kamu da gudawa da amai, babban haɗarin shi ne ƙarewar ruwan jiki. A fara ba shi ruwan gishiri da sukari, irin na ƙunshi da ake sayarwa a kantin magani, a haɗa shi da tsabtataccen ruwa kamar yadda aka rubuta a jiki, ya riƙa kurɓa a kai a kai. Yawancin manya masu ƙarfi sukan warke cikin 'yan kwanaki. Amma idan akwai jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko amai ya hana ruwa zama a ciki, ko ciwon ya wuce kwana uku, a tafi asibiti. Jariri da tsoho da mace mai juna biyu da wanda wata cuta ta riga ta raunana kuwa, ba a jira da su. Kada a sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta a sha ba tare da umarnin likita ba.

Kazar da aka yanke shawarar zubarwa ma tana da nata tsari. Kada a ba maƙwabci ko almajiri, kada kuma a jefa wa kare ko kyanwa, domin su ma suna kamuwa, suna kuma yaɗa ƙwayoyin a tsakar gida. A ƙulle ta a leda a binne ta da zurfi, ko a sa ta cikin sharar da za a kwashe a ranar. Firizar da naman ya narke a ciki kuma a kwashe komai, a wanke ta da ruwan sabulu, a goge ta bushe, kafin a sake zuba wani abu.